Kurakurai wajen kauce wa gubar kifi a tafkunan Chippewa

Da ƙanƙara ta narke a tafkunan Wisconsin da Minnesota da Michigan a Amurka, 'yan ƙabilar Chippewa kan fita da dare cikin kwalekwale, da fitila a goshi da mashi a hannu, su soki kifin da suke kira ogaa (walleye a Turance). Haƙƙi ne da yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1837 da 1842 suka tabbatar musu. Abin baƙin ciki, kifin na ɗauke da gubar da ba ta ruɓewa.

Babban kuskure shi ne zaton dahuwa na kashe zaiba, wato farin ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa. Hayaƙin ƙona kwal ke ɗauko ta, ruwan sama ya sauke ta cikin tafki, ƙaramin kifi ya ci, babba ya haɗiye ƙarami. A cikin tsoka take maƙalewa, don haka ko a soya, ko a gasa, ko a ƙyafe, tana nan. Maganinta zaɓe ne. Tsohon kifi ya fi tara ta, shi ya sa hukumar kula da kifi da namun daji ta GLIFWC, wadda ƙabilun Chippewa suka kafa a 1984, ke ba da shawarar cin ogaa da bai kai inci 20 ba. Na san da wuya mai mashi ya ƙyale ƙato, amma ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikin mahaifa ita ke shan wahalar.

PCB kuwa, wani sinadarin masana'antu mai guba da aka hana ƙera shi a Amurka a 1979, cikin kitse yake zama. Nan wuƙa na da amfani: a feɗe fata, a yanke kitsen ciki da na gadon baya, a gasa man ya ɗige. Kada a zuba man nan a miya.

Wasu kan cusa kifi a firiza ba shaida. Tafkuna sun bambanta wajen yawan zaibar kifinsu, hukumar ma na da taswira mai launuka a kansu. A rubuta sunan tafki da tsawon kifi a jikin leda, a ware wa yara da masu juna biyu ƙanana.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barin kifi ɗungurungum saboda tsoro, a koma abincin gwangwani. Farin kifin Tafkin Superior, adikameg, zaibarsa kaɗan ce, shi ya kamata ya yawaita a tukunya.