Yadda za ka gane gasket ya fara ƙonewa kafin inji ya tafi

Gasket ɗin da nake nufi shi ne wanda ke tsakanin kan silinda (wato kan inji) da gangar jikin inji. Aikinsa raba abu uku: wutar da ke tashi a kan fistin, ruwan lagireto, da baƙin mai. In ya ci wuta sai su fara shiga gonar juna, kuma duk alamun da za ka gani daga nan suke fitowa.

Ni da ruwa nake farawa. In kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto, ka leƙa ƙarƙashin mota ƙasa a bushe, tiyo bai tsage ba, to ina ruwan yake zuwa? Wataƙila inji ke shanye shi. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto, cika shi, ka tayar da mota ka zuba ido. Kumfa ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma in ƙananan kumfa suna ta tasowa ba tsayawa, ka taka totur su ƙaru, iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Haka in ka mayar da murfi ka matsa tiyon sama ka ji ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba. Don Allah kada ka buɗe murfin nan da zafi, ruwan zai wanke maka fuska.

Sai salansa. Farin tururi da sanyin safiya lokacin hunturu ba ciwo ba ne, yana ɗaukewa in mota ta yi ɗumi. Wanda ake tsoro shi ne farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi tafiya ko bayan doguwar tafiya. Ana cewa yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, amma sai in ruwan sanyaya inji na kanti ka zuba. Mai zuba ruwan rijiya ba zai ji komai ba.

Zaro sandar auna mai. In baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko ya haura alama alhali ba ka ƙara ba, kashe motar nan take, a jawo ta. Ɗan farin danƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai bai isa hujja ba, motar da ba ta nisa ma tana yin sa.

In kuma tana rawa da safe sannan ta daidaita, a kwance fulogogi a jera su. Wanda ya fi 'yan uwansa tsabta fes, ruwa ke wanke shi.

Kafin ka yarda a sauke kan inji, a duba fanka, famfon ruwa da murfin lagireto, sannan a auna matsin kowace silinda. Sau da yawa fanka, famfon ko murfin ne suka jawo zafin da ya ƙona gasket ɗin, kuma in ba a gyara su ba sabon ma zai bi sahu. Yawancin motocin yanzu kan injinsu na alminiyon ne, zafi kan lanƙwasa shi, don haka ka nace a auna shi, in ya karkace a kai a goge, a kuma ɗaure kusoshi bi da bi da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba.