Yadda zaka zaɓi wayar ƙarfe ta bayindin ɗin takardu

Da farko duba injin da zaka huda takardun dashi. In rami 3 yake hudawa a kowane inci to wayar 3:1 zaka saya, a A4 zobenta 34 ne, in kuma rami 2 ne sai 2:1 mai zobe 23, ita ce ta aiki mai kauri wanda ya haura takarda 120 haka. Kar ka haɗa waya da ramin da ba nata ba, wallahi ba zata shiga ba.

Sai ka tara takardun harda bangon ka auna kaurinsu da rula, ka ƙara kamar milimita 3 saboda shafi ya riƙa juyawa bai yage ba, abin da ya baka shi ne faɗin zoben wayar da zaka saya.

Kala kuwa ni dai baƙa ko ruwan azurfa nafi so a rahoton ofis, ruwan gwal yafi dacewa da kalanda. Kafin ka biya ka ɗan karci fentin da farce, in ya ɓare ajiye musu abarsu.