Yadda Ake Lissafin pH na Asid Mai Rauni

Duk lokacin da na zauna duba takardun ɗalibai, kuskure ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. An ba yaro asid ɗin asetik mai 0.10 M (M na nufin mol a kowace lita), an ce ya nemo pH, wato ma'aunin yawan asid a ruwa, sai ya danna kalkuleta ya rubuta pH = 1. Wannan amsar ta HCl ce, asid mai ƙarfi wanda ke rarrabuwa kakaf da zarar ya shiga ruwa. Shi kuwa asetik, wanda ke ba ruwan khal tsaminsa, marowaci ne: cikin ƙwayoyi ɗari, da ƙyar ɗaya ko biyu ke sakin H⁺, wato ayon ɗin haidirojin da ake lissafa pH da yawansa. Gano wannan ɗan abin da ya saki shi ne aikin gaba ɗaya.

Fara da rubuta abin da ke faruwa a cikin ruwan:

CH₃COOH ⇌ H⁺ + CH₃COO⁻

Daga nan ka fitar da Ka, lambar da ke nuna yadda asid ke rarrabuwa: Ka = [H⁺][CH₃COO⁻] / [CH₃COOH], inda [ ] ke nufin adadin abu a M. Na asetik 1.8 × 10⁻⁵ ne a zafin 25°C, kuma galibi za a ba ka shi a cikin tambayar.

Sai tebur. Ja layi uku a takardarka: farko, canji, daidaito. A farko asid 0.10 ne, sauran biyun sifili. Ba mu san nawa ya rabu ba, sai mu sa masa suna x. Asid ya ragu da x, H⁺ da CH₃COO⁻ kowanne ya ƙaru da x. A layin daidaito ke nan kana da 0.10 − x, da x, da x. Kada ka tsallake teburin nan don kana sauri. Minti ɗaya ne, kuma masu yi da ka nan suke ɓatar da alamar ragi.

Zuba su cikin Ka:

x² / (0.10 − x) = 1.8 × 10⁻⁵

Ga yanke da ake bi. Tunda asid ɗin marowaci ne, x ɗan mitsitsi ne kusa da 0.10, kamar a ɗebi cokali ɗaya daga tiyar gero. Sai mu ɗauki 0.10 − x a matsayin 0.10. Yanzu x² = 1.8 × 10⁻⁶, x ya zama 1.34 × 10⁻³ M. Shi ne [H⁺]. Danna −log ɗinsa, pH ya fito 2.87.

Amma yanken nan zato ne, kuma dole a gwada shi. Raba x da adadin farko, ka ninka da ɗari: ka sami kashi 1.3 cikin ɗari. Muddin bai haura kashi 5 ba, zaton ya tsaya. Ni ina so in ga wannan layin a rubuce a takarda, don shi ke nuna mini ɗalibi ya san abin da ya yi.

To, mu tsarma asid ɗin da ruwa har ya koma 0.0010 M. Yanke zai ba ka x = 1.34 × 10⁻⁴, wato kashi 13 cikin ɗari. Zato ya rushe. Dalili kuwa, asid mai rauni yana ƙara rarrabuwa gwargwadon yadda aka tsarma shi, abin da Wilhelm Ostwald na Jamus ya bayyana tun 1888. Nan sai doguwar hanya ta kwadiratik:

x² + (1.8 × 10⁻⁵)x − 1.8 × 10⁻⁸ = 0

Amsa biyu za su fito. Watsar da mai alamar ragi, don babu ruwan da adadin H⁺ ɗinsa ke ƙasa da sifili. Ɗayar ita ce 1.25 × 10⁻⁴ M, pH kuma 3.90, ba 3.87 da yanke ya bayar ba.