Yadda ake kula da amosanin gwiwa bisa abin da binciken likitoci ya nuna

Da wuya ka shiga gida a Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, ba ka tarar da dattijo ko dattijuwar da sai ta dafa bango kafin ta miƙe ba. Wasu su ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce tsufa ne kawai, likitoci kuwa amosanin gwiwa suke kiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan nau'i na amosanin gaɓɓai, miliyan 365 a gwiwa ya kama su, kuma kashi 60 cikin 100 na masu ciwon mata ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, allurai da haɗe-haɗen ƙwayoyin da muke zuba wa kuɗi su ne bincike ya samu amfaninsu bai taka kara ya karya ba, alhali motsa gwiwar da rage mata nauyi, waɗanda aka tabbatar suna aiki, su muke gudu.

Mataki na farko: a tabbatar shi ne

Bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. A amosani wannan guringuntsin yakan sirance, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da tsiro a gefe, tantanin da ya kewaye gaɓar ya riƙa kumbura, naman cinya kuma ya yi ta raguwa. Shi guringuntsin kansa ba shi da jijiyar jin zafi, daga sauran sassan zafin yake fitowa. Shi ya sa za ka ga mutum hotonsa ya nuna gwiwa ta lalace amma yana zuwa gona, wani kuma hotonsa da dama-dama amma ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa.

Saboda haka ne hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci hanyoyin kula da marasa lafiya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta ce ba sai an ɗauki hoto ba idan abubuwa uku suka haɗu: mutum ya kai shekara 45, ciwon yana tasowa ne in ya yi amfani da gwiwar, sannan sandarewar safiya ba ta wuce minti 30. Likita ne zai duba ya yanke wannan, a babban asibiti mafi kusa ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Amma idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau ga kuma zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta na iya cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko gwiwar tana kullewa ta ƙi miƙewa, ko yatsun hannu ma suna kumbura da sandarewar da ke kaiwa hantsi, ko mutum yana rama da gumin dare, ko kuma mai sikila ne. Waɗannan ciwuka ne dabam, maganinsu ma dabam.

Mataki na biyu: a ƙarfafa cinya

Nan ne aikin yake. Mutanenmu sun ɗauka gwiwa mai ciwo hutu take so, sai a shimfiɗa wa Hajiya tabarma, a ce kada ta motsa, jikoki su riƙa miƙo mata buta da ruwan sha. Tausayi ne ya sa, amma yana ƙara mata ciwo. Guringuntsi ba shi da hanyar jini. Abincinsa a ruwan gaɓa yake, kuma yana shansa ne kamar soso, a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Gwiwar da ba ta motsi ba ta samun wannan, naman cinyar da ke tare mata nauyi kuma sai ya saki.

A ƙasar Denmak, tun 2013 masu bincike na jami'ar kudancin ƙasar suka fito da wani shiri mai suna GLA:D, inda ake ba mai ciwo darasi kan cutar sannan a yi masa atisaye sau 12 cikin mako 6, kuma yanzu ƙasashe da dama sun ɗauka. A 2020 wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 156 ya kwatanta atisaye a hannun likitan gashin ƙashi da allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, a cikin gwiwa. Bayan shekara guda, masu atisayen sun fi samun sauƙin ciwo da iya zirga-zirga.

Ga abin da za a iya yi a gida da kujera ɗaya mai ƙarfi, wadda aka jingina da bango don kada ta zame.

A zauna a bakin kujerar, ƙafafu a ƙasa a ɗan ware su. A sunkuyo kaɗan, a miƙe tsaye a hankali, sannan a koma a zauna a hankali ba tare da an faɗa ba. Komawar ta fi tashin muhimmanci, a ƙirga ɗaya zuwa uku kafin a taɓa kujera. A lura kada gwiwoyi su karkato ciki su haɗu, kowace ta fuskanci yatsan ƙafa na biyu. Wanda bai iya ba ya dafa hannun kujera ko ya ɗora matashi don ta ƙara tsawo. A yi 10, a huta, a sake.

Sai a gyara zama, a miƙar da ƙafa ɗaya sambal, yatsu na kallon sama, a ɗaure naman cinya har a ji ya yi tauri in an taɓa, a riƙe daƙiƙa 5, a sauke. Idan ya zama da sauƙi bayan mako biyu ko uku, a zuba yashi kilo ɗaya a tsohuwar safa a ɗaura a idon sawu.

Na uku a kwance ake yinsa, a kan katifa mai tauri ko darduma. A lanƙwasa gwiwa ɗaya, ɗayar a miƙe, a ɗaga miƙaƙƙiyar har ta kai tsawon ta lanƙwashen, a sauke sannu. Na huɗu kuwa dakalin ƙofar ɗaki ya isa: a hau da ƙafa ɗaya a sauko, hannu na dafe da bango.

A yi waɗannan kwana 3 a mako, a haɗa da tafiya. A fara da minti 10 a ƙasa mai laushi da takalmi mai taushin ƙasa, a riƙa ƙarawa har a kusanci minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. A watannin bazara, da rana ke dukan Katsina, bayan sallar asuba ne lokacin. Da hunturu kuma a fara gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi kafin a soma.

Za a ji ciwo, kuma nan mutane da yawa suke ajiyewa. Ma'aunin da masu gashin ƙashi ke amfani da shi mai sauƙi ne. A auna ciwon daga 0 zuwa 10. In bai wuce 5 ba lokacin atisaye, kuma washegari ya koma yadda yake kafin a fara, to ba a yi wa gwiwar illa ba, a ci gaba. In ya wuce haka ko ta kwana a kumbure, a rage yawan, kada a daina. Ƙarar da gwiwa ke yi ƙas-ƙas ba tare da zafi ba, ba abin tsoro ba ce. Sauƙin yakan fara bayyana bayan mako 6 zuwa 12, sannu ba ta hana zuwa, kuma yana gushewa in an bari. Don haka ya fi kyau a samu wanda zai riƙa cewa, "Hajiya, taso mu yi na yau," ya zauna ya ƙirga mata. Zuwa wurin likitan gashin ƙashi ko da sau biyu ne, ya gyara yadda ake yi, ya fi kwalin magani amfani.

Mataki na uku: a rage nauyi, ga mai ƙiba

A 2005 masu bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka sun auna cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, kusan kilo 4 ne ke sauka daga kan gwiwarsa a kowane taku. Su ne kuma a 2013 suka fitar da sakamakon binciken mutum 454 da aka bi har wata 18. Waɗanda suka haɗa rage abinci da atisaye sun zubar da kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi, sun kuma fi waɗanda suka yi ɗaya kawai. Ke nan mai kilo 90 ya sa ido kan kilo 9, cikin shekara ko fiye.

Ba sai an bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miyar ganye, a yawaita kwaɗon zogale da rama da dafaffen wake. Inda nauyin ke shigowa ba a lura ba shi ne lemon kwalba, da shayi mai cokali huɗu na sukari, da furar da aka cika wa sukari, da man da ake malalawa kan shinkafa da wake. Mai ciwon sukari ya shawarci likitansa kafin ya canza cimarsa. Siririn dattijo kuwa wannan matakin ba nasa ba ne, shi abinci mai gina jiki yake bukata.

Mataki na huɗu: a gyara harkokin yau da kullum

Dogon tsuguno yana matse gwiwa ƙwarai. A samo kujerar da aka huda a ɗora kan masai, ko a kafa ƙarfen dafawa a bangon ban ɗaki. Mai girki ta bar kujera 'yar tsuguno ta koma mai tsawo, wanki da wanke-wanke a ɗora su bisa benci. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, wato in gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu, tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ke yin gaba, wajen saukowa mai ciwon.

Salla kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito ya nuna a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Wanda yake iya tsayuwa da ruku'u, sujada da zaman tahiya ne kawai suke ba shi wuya, ya tambayi malaminsa yadda zai haɗa tsayuwar da kujera. Ta fuskar lafiya dai, duk motsin da gwiwa ke iya yi ba tare da azaba ba, gara kada a bar shi.

Mataki na biyar: magani, da taka-tsantsan

Amfanin magani shi ne ya kwantar da ciwo har a iya atisaye. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya tafi. Abin da ake farawa da shi na shafawa ne, irin man diklofenak, domin kaɗan ne ke shiga jini. Na sha, irin su ibufurofen da diklofenak da firoksikam, suna rage ciwo, amma suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, musamman ga tsofaffi. Likita ne zai rubuta, mafi ƙarancin adadi, na ɗan lokaci, kuma ba a sha a cikin da babu abinci. Mai azumi ya kula da wannan sosai.

Ina roƙon 'ya'ya su buɗe ledar maganin iyayensu su duba. Haɗin da ake ƙullawa a kyamis, ƙwaya huɗu ko biyar marasa kwali, sau da yawa yakan ƙunshi masu kashe zafi iri biyu tare da sitiroyid irin deksametazon ko furedinisolon. Kwana biyu mutum zai ji garau, bayan watanni fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, yankewar ma haɗari ce, likita zai rage masa a hankali. Tiramol kuma sauƙinsa kaɗan ne, ga jiri da faɗuwa da kamun jiki.

Allurar sitiroyid a cikin gwiwa tana ba da sauƙi na 'yan makonni, tana da amfani in ciwo ya tashi ya hana komai. Maimaita ta ne matsala. A 2017 an gwada ta kan mutum 140, ana yi duk mako 12 har shekara 2. Ciwonsu bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai don kwatantawa sauƙi ba, guringuntsinsu kuma ya fi sirancewa. Gulukosamin da kondirotin, ƙwayoyi masu tsada da ake sayarwa da sunan gyara guringuntsi, binciken 2006 na mutum 1,583 bai samu sun fi ƙwayar bogi ba in an duba jimillar mutanen. Allurar da ake tacewa daga jinin mutum a mayar masa a gwiwa ita ma an gwada ta a Ostireliya kan mutum 288 a 2021, ba ta fi ruwan gishiri ba. Gashi da ruwan ɗumi da shafa man kaɗanya ba su da laifi in suna sa a ji daɗi. Tsaga da sakiya a kan gaɓa kuwa a guje su, hanya ce ta shigar da ƙwayar cuta, balle ga mai ciwon sukari.

Mataki na shida: sanin lokacin tiyata

Akwai aikin da ake zura na'ura ta ƙaramar huda a wanke gwiwa a kankare ta. A 2002 likitoci a birnin Hustan na Amurka sun raba mutum 180, wasu aka yi musu aikin, wasu aka ɗan tsaga fatar kawai aka ɗinke. Bayan shekara 2 babu bambanci tsakaninsu. In an ce za a yi wa mai amosani wannan, ya nemi jin ta bakin likita na biyu.

Canjin gwiwa dabam ne, aiki ne da ya tabbata. Ana cire bakin ƙashin da ya lalace a sa na ƙarfe da roba mai ƙarfi, kuma nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. Ana tunaninsa ne idan an yi watanni ana atisaye da rage nauyi da magani yadda ya kamata, amma ciwo yana hana barci, ko mutum ya kasa kai kansa ban ɗaki. A nan sai a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙashi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Janar Amadi Rimi da ke Batagarawa, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Aikin yana da tsada, yana bukatar a daidaita sukari da hawan jini tukuna, kuma bayansa akwai watanni na gashin ƙashi. A ci gaba da atisayen kujera har ranar da za a kwanta asibiti, domin wanda ya shiga da ƙarfin cinya ya fi saurin komawa tafiya.