Neman asalin kakanni a tsofaffin takardu

'Yan uwa, duk mai son bin diddigin asalinsa ya fara zama da dattawan gidansu kafin ya nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, domin da wuya suna kaɗai ya wadatar a can, sai an haɗa da gunduma da hakimin zamanin. A ganina takardun rabon gado na kotun alƙali sun fi amfani, saboda suna jero magada ɗaya bayan ɗaya, galibi da Larabci ko ajami. Idan kakanku ya je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar ta yau) tsakanin 1943 da 1945, ku nemi lambarsa ta soja a takardar sallama, domin a lokacin Turawa kan mayar da Garba Garuba, su liƙa masa sunan garinsu.