Kar ka ɗora ma Python laifin da ba nata ba

Duk wanda ya zauna rubuta injin eshek, wato manhajar da ke buga darar turawa, da yaren kwamfuta na Python a nan Damagaram kukan ɗaya ne, wai abin kunkuru ne sai an koma C++. Gaskiya ne Stockfish, shahararren injin eshek ɗin nan, da C++ aka rubuta shi, yana duba miliyoyin matsayi cikin sakan guda, namu kuwa ƴan dubbai yake lalubawa. Amma wallahi rabin jinkirin nan mu muke jawo shi da hannunmu.

Babban ciwon shi ne jerin motsi. A tsakiyar wasa kusan motsi 35 ne a kowane matsayi, in ka shiga zurfi 4, wato hango motsi huɗu gaba, da minimax zalla, dabarar da ke duba kowane motsi ba tsallake, ka haura matsayi miliyan 1 da rabi, alhali alpha-beta, dabarar da ke tsallake motsin da ba zai canza sakamako ba, in ta fara cin karo da motsi mafi kyau wajen 2,500 sun ishe ta. To sai ka ga mutum ya sa alpha-beta yana murna, amma yana zuba mata motsi yadda suka fito daga allo ba tsari, ai kamar ka sayi moto ne ka riƙa tura ta daga Zango har Birni. Fara da cin kaya, soja ya ci sarauniya kafin sarauniya ta ci soja. Sannan ka bi zurfi 1, 2, 3 a jere, motsin da ya yi nasara a zurfin baya shi za ka fara gwadawa, kamar ɓata lokaci ne amma ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Ni nawa kuskuren deepcopy ne, kowane motsi sai na kwafe allon gaba ɗaya, kwamfuta ta ɗau zafi ga zafin afrilu, a fada har a sha shayi na uku injin bai taka ba. In python-chess, tarin kod ɗin eshek na Python, kake amfani da shi ga push da pop nan, ka taka ka janye a allo ɗaya.

Kuma don Allah ɗan uwa yi perft kafin komai, wato ka ƙirga duk hanyoyin da wasa zai iya bi har zuwa wani zurfi. Daga farkon wasa dole ka samu 20, 400, 8,902, sai 197,281 a zurfi 4. Ko ɗaya ya kauce akwai ƙwaro, wato kuskure a kod ɗinka.

Wani abin da ke ba ni haushi, injin ya tsaya lissafi ana tsakiyar musaya, ya ci soja da sarauniya bai ga doki na jiran ta ba. Ba ƙarin zurfi yake buƙata ba, bar shi ya ci gaba da duba cin kaya kawai har allo ya lafa.

Matsayin da aka riga aka duba kuwa ajiye shi cikin dict, ma'ajiyar bayanai ta Python, da lambar Zobrist, wato lambar shaidar kowane matsayi, don kar a sake duba shi, dabarar tun 1970 take. Bayan duk wannan sai ka kunna kod ɗin da PyPy, wani nau'in Python mai sauri, maimakon Python ta kullum, ka sake auna matsayi nawa yake dubawa a sakan.