Yadda Za Ka Fara Binciken Asalin Gidanku ta Intanet

Intanet ba ta san kakanka ba sai idan wani ya taɓa rubuta sunansa, don haka aikin yana farawa ne daga ɗakin tsofaffin gida. Ka ɗauki wayarka ka je wurin kaka ko goggo, ka nemi izininta kafin ka naɗi muryarta, sannan ka tambayi sunan yanka na kowane mutum, da laƙabinsa, da sana'arsa, da unguwar da ya zauna a nan Zariya, ko Kwarbai ce, ko Limancin Kona, ko Tudun Wada. A ganina mata sun fi maza riƙe wannan ilimi, domin su ne suka san wa ya auri wa, da kuma wanda aka yi riƙonsa a wani gida har ake zaton ɗan can ne. Ka dage a kan sunan yanka, saboda alkunya takan sa a shekara hamsin ana kiran mutum Baba ko Malam har sunansa ya ɓace.

Mataki na biyu shi ne mayar da maganar tsofaffi zuwa shekaru. Ba za su ce maka 1940 ba, sai dai su ce "zamanin Sarki Ja'afaru". To, Ja'afaru ya yi sarautar Zazzau daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu ya gaje shi har 1975, sannan Shehu Idris ya riƙe har 2020. Da wannan ma'auni kana iya kintatar shekarar haihuwa ko aure. Idan gidanku na malamai ne, ka duba cikin gafaka, domin wasu sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a gefen takardu, kuma ka ɗauki hotonsu tun gara ba ta riga ka ba.

Sai yanzu za ka hau intanet. Ka buɗe rajista a FamilySearch, wani shafin binciken asalin dangi wanda kyauta ne, ka shigar da sunayen daga kanka zuwa sama, kana nuna wanda ya faɗa maka kowane bayani. Wajen nema kuwa, ka gwada rubutun suna ta fuskoki da dama, kamar Muhammadu, Mamman da Mohammed, domin Turawan mulki sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, kuma ka haɗa sunan da sarauta ko garin mutumin, tunda ɗalibai da yawa sunan garinsu aka sa musu a makaranta. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ɗora hotunan wasu tsofaffin takardun Arewa a shafinsa, ana dubawa ba tare da biyan kuɗi ba.

Ka aika abin da ka tara zuwa zauren WhatsApp na dangi domin a yi maka gyara, amma ka bar sirrin gida a gida, kada kuma ka watsa bayanan rayayyu ba da yardarsu ba.

Inda intanet ta tsaya, sai ka taka da ƙafarka. Kaduna ba nisa, can ne Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihi, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa suke, inda aka adana fayilolin lardin Zariya. Idan kakanka ya yi aikin En'e ko ya riƙe sarauta, ka nemi tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, ka tafi da cikakken sunansa da shekarun da ka kintata a rubuce.